Wa ya gaji wa: kundin ƙyanƙyasar mesa mai dunƙulewa a Yamai, 2024 zuwa 2025

17 ga Nuwamba 2024

Ɗari ya sauka. Da asuba ɗakin yana komawa digiri 24, da rana 29, kuma wannan saukar ta ishi mesa mai dunƙulewa, Python regius, ta shiga barbara ba tare da an sanyaya ta da gangan ba. An bar wurin ɗumin kowane akwati a digiri 31. Yau aka fara kai maza wajen mata.

Maza biyu ne. N1 Fastel ne kuma Mojabe, giram 820. Waɗannan, da Fayid, Banana da Lesa, sunaye ne da masu kiwo ke ba launukan da mesar ke gada. Ubansa Fayid ne, mai farin dabbare, saboda haka babu tantama yana ɗauke da wannan ƙwayar a ɓoye, abin da masu kiwo ke kira het. N2 Banana ne, giram 760, kuma daga ubansa ya samo Bananar, wanda zai yi tasiri a gaba.

Mata uku. M1 Lesa ce, giram 1,750. M2 a ido ba ta da komai, giram 1,900, amma iyayenta biyu het Fayid ne. M3 kamun daji ce daga Togo, giram 1,620, shekara biyu tana akwati ita kaɗai. Tana da layi mai katsewa a gadon baya da gefe mai haske, ba a san ko abin gado ne ko nata ne ita kaɗai ba. Duk macen da ba ta kai giram 1,500 da shekara uku ba an bar ta sai baɗi. Takardun kowacce suna cikin jaka ɗaya, don wannan mesar tana rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ba ta tsallaka iyaka sai da izini.

N1 zai hau M1 da M2, N2 kuma M3 kawai. Mace ɗaya, namiji ɗaya duk kakar. Ƙwan ɗauri ɗaya kan fito daga uba biyu in an cuɗanya maza, daga nan kuwa lissafin gado ya rushe.

1 ga Disamba 2024

Kafin a ga ƙwai ko ɗaya, an rubuta abin da kowane haɗi zai iya bayarwa. Wannan takardar ita ce alƙali ranar ƙyanƙyasa, don ido yana son ganin abin da mai kiwo ke fata.

Kowace ƙwayar gado biyu ce a jikin maciji, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Fayid da zabiya masu ɓuya ne, sai biyun sun haɗu launin ke fita. Fastel, Mojabe da Lesa kuwa ɗaya ma tana bayyana, biyu kuma su ba da wata kama dabam da ake kira sufa.

M1 da N1 sun fi ban sha'awa. Mojabe da Lesa mazauninsu ɗaya ne a jerin ƙwayoyin gado, suna cikin dangin da ke ba da farar mesa mai shuɗin ido. Uba zai ba da Mojabe ko ya ba da ta asali, uwa ta ba da Lesa ko ta asali. Ke nan kowane ƙwai yana da kashi 25 cikin 100 ya zama fari fat, 25 Mojabe, 25 Lesa, 25 babu ko ɗaya. A kan wannan sai a ɗora Fastel, rabi da rabi, da het Fayid, shi ma rabi da rabi. A lura da abu ɗaya da zai rage gardama nan gaba: ɗa mai launi daga wannan haɗi ba zai taɓa zama Mojabe da Lesa a tare ba. In ya haɗa biyun, fari zai fito.

M2 ana rubuta ta het kashi 66. Dalili shi ne, het da het suna ba da Fayid ɗaya cikin huɗu, het biyu, marar komai ɗaya. Tun da ita ba Fayid ba ce, saura uku, biyu daga ciki het. Gwada ta da N1 gwaji ne mai rauni. Ko da het ce, kowane ƙwai kashi 25 yake da shi, kuma a ƙwai shida ana iya rasa Fayid gaba ɗaya kusan sau 18 cikin 100. Da namijin Fayid ne na zahiri, wannan haɗarin zai sauka zuwa ɗaya cikin 64. Babu shi a hannu, sai a yi da abin da ke akwai, amma in bana ba a ga Fayid ba, ba za a soke M2 daga lissafi ba.

Babu Sifaida a wannan aiki, kuma da gangan ne. Zanenta na saƙar gizo yana da kyau, amma ƙwayar tana tafe da rawar kai da rashin daidaito, wata kaɗan, wata har ta kasa cafke kusu. Ba a raba zanen da cutar.

12 ga Janairu 2025

An ga wutsiyoyi a sarƙe a dukan haɗi ukun. Namiji yana kwana biyu zuwa uku wajen mace, a fitar da shi ya huta mako guda, a miƙa masa abinci. N2 ya bar ci, ya sauka zuwa giram 715. In ya rasa kashi 10 na nauyinsa za a janye shi.

13 ga Maris 2025

M1 ta kumbura ranar 9 ga Fabrairu, kumburin nan na tsakiyar jiki da ke yin kwana ɗaya ya sace, alamar ƙwai ya sauka mahaifa. Ta yi saɓa 1 ga Maris. M3 ta kumbura 20 ga Fabrairu, ta yi saɓa yau. Daga wannan saɓar zuwa nasa ƙwai kimanin kwana 30 ne. An janye maza daga wajensu. M2 ta makara.

30 ga Maris 2025

M1 ta nasa bakwai. Shida farare masu taushi kamar fata, ɗaya ƙarami, rawaya, mai tauri: baragurbi, an jefar. An haska sauran da tocila a duhu, jijiyoyin jini sun fito ja a dukansu. An yi wa saman kowanne alama da fensir, don ba a juya ƙwan maciji bayan ya zauna. Waɗanda suka manne da juna an bar su a manne.

An sa ƙwan a akwatin roba mai cin lita 6, da bamikulait (wata irin ƙasa mai riƙe danshi) giram 300, ruwa giram 300. Da sikeli ake aunawa, ba da kofi ba. In an matse dunƙule a hannu ya haɗe, amma kada ruwa ya ɗiga. Ƙananan huji biyu a gefe. An karkata murfin kaɗan, don raɓar da ta taru ta gangara gefe maimakon ta ɗiga kan ƙwai.

Littattafan ƙasashen sanyi duk maganar ɗumama ƙwai suke. A Yamai a wannan watan, hana shi dafuwa ne aikin. Ana son digiri 31 zuwa 32, waje kuwa yana wuce 40 kusan kullum. Akwatin ƙyanƙyasar tsohon firigo ne da ba ya aiki, an ajiye shi a ɗakin tsakiya da rana ba ta bugun bangonsa. A ƙasansa akwai gorar ruwa 12 masu lita ɗaya da rabi, su ke riƙe yanayi kada ya yi tsalle. Ƙaramar fanka ta kwamfuta mai bolt 12 tana juya iska. Ma'aunin zafi biyu, ɗaya a iskar firigo, ɗaya a tsakanin ƙwai, kuma na biyun ake bi.

11 ga Afrilu 2025

M3 ta nasa biyar, duk masu jijiya. Akwatin ƙwanta yana kantar sama a firigon.

20 ga Afrilu 2025

Wuta ta ɗauke shekaranjiya da rana, ba ta dawo ba sai tsakar dare, jiya ma haka. Na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, batirin fanka ya ƙare. Ma'aunin yana riƙe mafi girman zafin da ya gani: a kantar ƙasa, wajen ƙwan M1, digiri 33, a kantar sama, wajen ƙwan M3, 35.5. Iska mai zafi sama take taruwa da zarar fanka ta tsaya, shi ya kawo tazarar. Ƙwan M3 kuma kwana bakwai da takwas ke gare su a lokacin, ɗan tayin yana tsakiyar ginuwa.

An sauko da akwatin M3 kusa da gorunan ruwa. An ƙara batir na biyu da ƙaramin farantin sola. An rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a taga. In wuta ta sake ɗaukewa, gorar ƙanƙara ɗaya naɗe da tsumma za ta hau kantar sama, nesa da ƙwai, a cire ta da zarar ma'auni ya sauka 31.5. Sanyin gaggawa ma ɓarna ne. Ƙwai ya fi jure digiri 29 na kwana biyu a kan 35 na wuni ɗaya.

An rubuta wannan rana da jan biro a katin M3. Masu kiwo sun daɗe da lura cewa zafin da ya wuce kima a farkon kwanci yana kawo lanƙwasar ƙashin baya, yana kuma ɓata zane har ya koma layi-layi. Layi kuwa shi ne ainihin abin da ake son gwadawa a ƴaƴan M3.

24 ga Afrilu 2025

M2 ta nasa shida, babu baragurbi. Ƙwai ɗaya na M3 ya fara gumi, ya yi kore, jijiyoyinsa sun ɓace. An raba shi da ƴan uwansa da zare a hankali. Saura huɗu.

25 ga Mayu 2025

Kwana 56, ƙwan farko na M1 ya tsage, ga kai fari da shuɗin ido. Tun mako biyu da suka wuce ƙwan suka fara lotsewa, kuma a ƙarshen kwanci hakan daidai ne. Lotsewa a makon farko ko na biyu ce ke nufin ƙasa ta bushe.

Ba a yanka ko ɗaya ba kafin na farko ya huda da kansa. Ɗokin ganin launi yana sa wasu su yanka tun kwana 50, sai a tsinke jijiya, ko ƙuda ya shiga, ko ɗan ya fito bai gama shanye gwaiduwa ba. Wanda ya kwana ɗaya bai huda ba bayan ƴan uwansa, a tsunkule saman ɓawon a yi masa ƴar tsaga ta santimita biyu da almakashi mai dakusasshen baki, a ƙyale shi. Yakan yi kwana ɗaya zuwa biyu a ciki da kai a waje.

Duk shida sun fito zuwa 28 ga wata, nauyinsu daga giram 58 zuwa 71. An ba su lamba, 25-M1-01 zuwa 06, ba a rubuta wa kowa launi ba tukuna. Kafin saɓar farko fatarsu tana da wani dishi-dishi da ke sa Lesa ta yi duhu, ta asali kuma ta yi hasken ƙarya.

8 ga Yuni 2025

Ƴaƴan M1 sun yi saɓa tsakanin kwana 8 da 12. An duba su da hantsi a inuwa, a kan farar takarda, biyu-biyu gefe da gefe. Fitilar ɗaki tana ƙara rawaya, wayar hannu kuma tana gyara launi da kanta, don haka kowane hoto da ta asali a cikinsa don awo. Ana farawa daga ciki, sai gefe, sai kai, gadon baya a ƙarshe.

Lamba 04 ita ce ta asali, ita ce ma'aunin sauran. Ƙasan launinta baƙi ne mai sirkin makuba, tabonta ruwan zuma, kuma yawancin tabon gefe suna da baƙin ɗigo biyu a ciki, kamar fuska da idanu. Cikinta fari ne da yayyafin baƙi a gefuna. Kanta duhu, da layi mai haske daga hanci ya ratsa ido.

Lamba 02 Fastel Mojabe ce, irin ubanta. Mojabe tana mayar da ɗigo biyun nan ɗaya, tabon ya zama kamar kafar makulli, cikin kuma fari tas babu yayyafi. Fastel ta nuna kanta a kai: tsakiyar kan ya koɗe, leɓe fari, ido ya yi haske da sirkin kore, rawayar ta yi ƙarfi.

Lamba 05 ba ta da wuya. Baƙin ya koma ruwan ƙasa mai haske, yana koɗewa a tsakiya, tabo ruwan madara, farin ciki yana hawowa gefe a tsakanin tabo. Kai bai koɗe sosai ba, ido bai yi kore ba. Lesa, babu Fastel.

Lamba 06 ce ta ci lokaci. Ta fi 04 haske, ba ta kai 05 ba, ciki fari tas, ɗigo ɗaya-ɗaya. Takardar Disamba ta ce ko Mojabe ce ko Lesa, ba duka ba. Abin da ya raba gardamar shi ne duhun da ke tsakanin tabo. A Mojabe yana zama mai zurfi, da sirkin toka, iyakarsa da tabon a yanke take, a Lesa kuwa yana narkewa cikin tabon. Na 06 a yanke yake, ga layin rawaya a kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen baya. An rubuta Mojabe da fensir, za a sake dubawa bayan saɓa ta uku.

Farare biyun, 01 da 03, Lesa-Mojabe ne, wannan tabbas ne tun da babu wata hanyar da fari zai fito a haɗin. Abin da ke ƙarƙashin farin ne ba a gani. Lamba 03 tana da ɗan layin rawaya mai rauni a baya, wasu za su ce alamar Fastel ce, amma haɗin Lesa da Mojabe kan bar irin wannan layin ko babu Fastel. Katinsu ya ce Fastel kashi 50, het Fayid kashi 50. A gaba ba za a haɗa farin da Lesa ba, don Lesa biyu a jiki ɗaya kan zo da ido a bulluƙe.

19 ga Yuni 2025

Ƴaƴan M3 huɗu sun fito daga 7 ga wata, sun gama saɓa. Biyu Banana ne: tabo ruwan goro mai haske, inda baƙi ya kamata ya kasance ya koma toka mai sirkin shanshanbale. Wani zai ce zabiya, amma zabiya idonta ja ne jawur, babu baƙi ko ɗis a jikinta, Banana kuwa idonta da duhu, kuma da girma baƙaƙen ɗigo za su fito mata.

An duba jinsi da matsa gindin wutsiya a hankali da babban yatsa, daga baya zuwa dubura. Bananan biyu maza, sauran biyu mata. Haka aka zata. A wannan mesar namiji ne mai X da Y, ƙullin gado da ke raba jinsi, ƙwayar Banana kuma a kansu take tafiya. Namijin da ya gaje ta daga ubansa kusan duk Bananan da zai haifa maza ne, wanda ya gaje ta daga uwa kuma mata. Jefi-jefi ɗaya kan saɓa.

Batun layi kuwa, uku cikin huɗu suna da shi. A takarda wannan ya yi kama da ƙwaya mai rinjaye, wadda ɗaya ma tana bayyana, kuma a nan ne ake raɗa wa sabon launi suna a ɗora masa kuɗi. Sai dai layin nasu bai yi kama da na uwar ba. Nata yana bin tsakiyar baya a miƙe, gefenta biyu iri ɗaya ne. Nasu ya karkace, a ɗaya ma tabon gefen hagu sun narke cikin juna, na dama suna nan lafiya. Wadda ta fi layi kuma ita ce ke da lanƙwasa biyu kusa da wutsiya. Jan biron Afrilu ya isa ya bayyana duk wannan. Hukunci: ba a tabbatar ba, ba a kuma kore ba.

Mai lanƙwasar tana motsi, ta yi kashi, za a riƙe ta a gani. Ba ta shiga kiwo, ba ta shiga kasuwa.

2 ga Yuli 2025

M2 ta tabbata het. Cikin shida da suka fito daga 18 ga Yuni, ɗaya Fayid ce, kuma Fastel. Farin nata kaɗan ne, zobe biyu kusa da wutsiya da ciki, bai fi kashi 15 na jiki ba, amma fari ne mai iyaka a yanke, tabon sauran jikin kuma ya miƙe ya zama layi biyu a gefen baya, kai yana nan da launinsa. Yawan farin ba ya bin gado daidai, mai kaɗan tana haifar mai yawa. An gyara katin M2 daga kashi 66 zuwa 100.

Sauran biyar yanzu su ne het kashi 66. Uku suna da baƙin layi biyu a gefen ciki wajen wutsiya, wanda ake yawan cewa alamar het Fayid ce. An ɗauki hotonsa, ba a sa shi a kati ba.

Tun 1997 wani mai kiwon macizai, Peter Kahl, ya nuna a Amurka cewa Fayid gado ne mai ɓuya, amma sai a 2023 aka wallafa binciken da ya gano ƙwayar da ke haddasa shi, tfec. Amfanin hakan gare mu shi ne ana iya gwada het daga saɓa, ba sai an jira mace ta shekara uku ba. An ɗebi saɓar biyar ɗin da ta fararen M1 biyu. Kowacce daga akwatin da maciji ɗaya ne kawai a ciki, an shanya ta a inuwa ta bushe ƙayau, an sa a ambulan takarda da lamba a kai. Leda tana tara danshi, saɓa ta yi fumfuna, gwaji ya lalace.

27 ga Yuli 2025

Sha huɗu cikin 16 suna cin ɗan kusu duk kwana 6, mai nauyin kashi 10 na jikinsu. Biyun da suka ƙi an mayar da su ƙaramin akwati mai duhu da maɓoya, ana miƙa musu bayan magariba. Damina ta ɗaga danshi, saɓa tana fita ɗungurungum. Lamba 06 ta M1 ta yi saɓa ta uku, duhunta ya ƙara zurfi. An bi Mojabe da biro.

24 ga Agusta 2025

Sakamakon saɓa ya iso. Cikin ƴaƴan M2 biyar, uku het ne. Biyu daga masu layin ciki, ɗaya daga waɗanda ba su da shi, mai layi na uku kuma ba ya ɗauke da komai. Cikin fararen M1, 03 het ce, 01 ba het ba. An gyara katuna bakwai.

Tsarin kaka mai zuwa: M3 za ta koma wajen N2, shi ɗin dai, don kada a canja abu biyu a lokaci ɗaya, ƙwanta kuma a kantar ƙasa daga ranar fari. In layi irin nata ya fito a kusan rabin ƴaƴa a digiri 31.5 da bai motsa ba, akwai magana. In bai fito ba, saura gwajin ɓuya: a riƙe ɗanta namiji mai lafiyar baya, a haɗa shi da ita idan ya wuce giram 600. M1 ta sauka zuwa giram 1,280 bayan ƙwai, yanzu tana 1,510. In ba ta kai 1,700 ba zuwa Nuwamba, za ta huta wannan kakar.